Saniyar da Baba Ya Kushe

Mahaifina dillalin bisashe ne a kasuwar Tawa, kuma duk wanda ya taɓa jawo saniya zuwa kasuwar Lahadi ya san yadda yake aikinsa. Idan ya tsaya gaban dabbarka ya yamutsa fuska, ya ɓare mata baki ya leƙa, ya ɗaga wutsiya, ya ja fatar wuya ya saki, sannan ya ce kofaton baya ya karkace, idon hagu yana ruwa, kuma shi tun da yake bai taɓa ganin saniya mai muguwar tsayuwa irin wannan ba, to ka gode wa Allah, saniyarka ta sayu. Baba ba ya ɓata yawunsa a kan abin da ba ya so. Wadda bai yi niyyar saye ba, ko hannu ba ya kai mata. Daga nesa zai dube ta, ya yi ɗan murmushi, ya ce, "Madalla, Allah shi sa albarka," ya wuce abinsa. Makiyayan Bambeye da na Affala sun gane wannan sarai. Idan ya ce wa sanka madalla da safe, kana iya kwance igiyarka ka kama hanyar gida tun rana ba ta yi zafi ba.

Ni kuwa tun ina ɗan shekara goma nake cin madalla.

Abin ya faro ne ranar da ya kai ni kasuwa don in fara koyon sana'ar. Wani mahauci ya aike shi ya nemo masa sa, ya kuwa samu wani ja, irin na Azawak, mai sheƙi kamar an shafe shi da man shanu. Baba ya shiga zagin san nan ba ji ba gani, mai shi yana rantsuwa, Baba yana tsaki. Ni ina gefe raina yana ɓaci, don a lakwal, wato makarantar boko, an koya mana cewa ƙarya ba kyau, ga shi ubana yana yi wa dabbar Allah ƙazafi a bainar jama'a. Sai na ɗaga murya na ce, "Baba, ai san ga ba shi da aibi ko guda! Ku dibi tozonai!"

Mai san ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Daga nan ya kafe, cinikin ya watse. Baba bai mare ni ba, kuma har yau ina cewa da ma ya mare ni. Hannu ya ɗora mini a ka, a gaban dillalai duka, ya ce, "Madalla. Allah shi sa albarka." Washegari ya mai da ni lakwal, bai sake kai ni kasuwa ba.

Daga nan duk abin da na kawo masa amsa ɗaya ce. Na ci jarrabawa, madalla. Na tafi Yamai karatu na dawo da takardar koyarwa, madalla. Aka ba ni aji a wani kwaleji a cikin gari, yara suna ce mini mushe, wato malam a bakin 'yan lakwal, madalla. Ina da hannun zane tun ina ƙarami, na cika kaye, wato littattafan rubutu, ban san adadi ba da dawakai da motoci da fuskokin mutane, kowanne na nuna masa sai ya riƙe shi da ɗan yatsa biyu, nesa da jikinsa, ya sa masa albarka. Baƙi suna cewa na yi dacen uba mai sanyin hali. Ni kaɗai na san cewa ni ne saniyar da ake wucewa.

Don a gidanmu kowa yana samun rabonsa na kushe, ban da ni. Inna shekara da shekaru tuwonta bai taɓa yin daidai ba, yau ya yi ruwa, gobe gishiri ya yi yawa, kuma bai taɓa barin loma a kwano ba. Ita da kanta takan ce randa ya ce wa tuwonta madalla, ranar za ta ɗaure kayanta ta koma gidansu. Da na kawo yarinyar da nake so in aura ta gaishe shi, tana fita ya ce ta cika rama, muryarta ta yi ƙarfi, kuma tafiyarta irin ta masu gardama ce. Inna ta rangaɗa guɗa. Na yi murna, amma ba zan ɓoye ba, na ji kishin matata tun kafin a ɗaura aure.

To, daga Yamai na dawo da wani abu ban da takardar koyarwa. A can na koyi wani wasa da ake yi a zaune kewaye da tebur. Mutum ɗaya ne ke riƙe da labari, sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin, wannan maharbi, wancan mai magani, wancan ɓarawo. Mai labari ya ce kun shiga kogo, ga abu ya taso muku, me za ku yi? Kowa ya faɗi dabararsa, sai a jefa ƙwaya irin ta lido, ita za ta nuna ko dabarar ta ci ko ba ta ci ba. Abubuwan da ke tasowa a kogon suna da littafinsu na musamman, babba, mai kauri, da Faransanci, kowane shafi da hoton dodo guda da bayanin ƙarfinsa da abin da ke kashe shi. Nawa na same shi ne a wurin masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin hanya, bangonsa ya cinye, amma hotunan suna nan da launinsu. Ina son littafin nan ƙwarai. A ganina a lokacin, babu wanda ya iya zane a duniya kamar mutanen da suka yi shi.

Mu huɗu muke wasan, duk malaman kwaleji, ran Asabar bayan la'asar, a zauren gidanmu. Lokacin Baba ya bar kasuwa, wani raƙumi ya harbe shi a gwiwa, ya zama sai zaman zaure da rediyo. Da ya ga ƙwaya a tebur ya ɗauka caca muke yi, ya haɗa gira. Da aka yi masa bayani cewa babu wanda ke ci babu wanda ake ci, sai ya ce to wannan ta fi caca wauta. Ya juya mana baya, ya ƙara muryar rediyonsa.

Wata Asabar na bar littafin a buɗe kusa da tabarmarsa, na shiga cikin gida ɗauko shayi. Ina dawowa na tarar ya sa tabarau, littafin yana kan cinyarsa, ya yamutsa fuska irin yamutsawar da ban ƙara gani ba tun da ya bar kasuwa. Shafin wani ƙaton mutum ne mai kan sa, riƙe da gatari, ya wage baki.

"Wa yab ba shi haƙoran sama?" in ji Baba.

Muka dubi juna.

"Ku nika tambaya, ku masu ilimi. Dut abin da ad da ƙaho, ba shi da haƙoran gaba ga sama, dasashi na. Wanga ga ƙaho ga haƙora kamar kura. Kuma kan sa, cikin mutum. In ya ci ciyawa, ina tumbin da za shi aje ta shi yi tuƙa? Ku dibi wuyanai. Wuyan ga na ɗaukar ƙahonin ga? Kwana ukku shi karye."

Ya lashi yatsa ya buɗe shafi na gaba. Ranar ba mu shiga kogo ba.

Haka aka fara. Duk Asabar Baba zai ce a miƙo masa "kasuwar Nasara", ya ɗauki dodo guda ya yi masa abin da yake yi wa shanu. Akwai wani mai jikin doki, daga wuya zuwa sama kuma mutum ne har da gemu. Baba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya tambaya ko fura za a ba shi ko harawa, tun da ciki biyu gare shi. Ya ƙara da cewa wannan aikin marasa gaskiya ne, sun cire wa doki kai don kada mai saye ya duba haƙora ya san shekarunsa. Akwai wani ƙaton ƙadangare mai fuka-fuki da ke hura wuta, yana kwance a kan tarin zinariya a cikin duwatsu. Wannan Asabar uku ya ci. Ta farko Baba ya ce fuka-fukin ba za su ɗaga ko cinyarsa ɗaya ba. Ta biyu ya ce ya duba hoton kaf bai ga ciyawa ko ƙwaya ba, bai ga ruwa ba, to wa ke ba shi dusa har ya yi wannan ƙiba? Ta uku ya ce dabba mai wuta a ciki ba za ta yi kitse ba, narkewa zai yi.

Abin da ya fi ba shi haushi shi ne tsabtarsu. Ya bi littafin shafi-shafi bai ga kaska ko ɗaya a kunnen kowa ba, bai ga ƙuda ba, bai ga busasshen kashi a wutsiya ba. Ya ce duk an zana su ta gaba suna harara, babu wanda aka juya, don masu zanen sun san ba su yi musu wurin fitar da abin da suka ci ba. Sai ya kai yatsa gindin wutsiyar wani dodo kamar zai ɗaga ta, ya tuna takarda ce, ya yi tsaki.

A cikinmu akwai malamin lissafi, mutum mai son gardama. Ya ce, "Amma Baba, waɗanga ai ba su akwai. Ƙirƙira ta. Mutum na iya zana abin da yag ga dama."

Baba ya dube shi ta saman tabarau. "To mi yas sa anka yi mai gwiwa? In ka yi ma abu gwiwa, ka yi alkawali za shi tashi tsaye. In ba ka iya cika alkawali, zana hayaƙi."

Daga ranar malamin lissafi ne ya riƙa zuwa da wuri don ya samu wuri kusa da tabarmar.

Wata rana aka zo kan wani abu mai kama da rago, amma girman ɗaki, wai mutane yake ci. Baba ya yi dariya ya ce wannan ko jinjiri ba zai ci ba. Mai cin ciyawa idanunsa a gefe suke, don kullum yana tsoron abin da ke biyo shi. Mai cin nama idanunsa a gaba suke, don shi ke bin wani. Wannan rago idanunsa a gefe, saboda haka matsoraci ne aka ba shi aron haƙora. Na ji maganar na wuce ta, ban san za ta yi mini rana ba.

Abokaina suna ta dariya, suna cewa tsoho ya gama da Nasara. Ni na san ba haka ba ne. Ina ganin yadda yake shafa shafin da tafin hannu kafin ya fara zagi, da yadda yake komawa kan ƙadangaren nan ko an wuce shi. Ai Baba sayen dodannin nan yake yi. Wani mutum a wata ƙasa da ban sani ba, wanda bai taɓa leƙa bakin saniya ba, ya zana ƙadangare ya samu Asabar uku na zagin ubana, ni da na fito daga cikinsa ban samu tsaki ɗaya ba. Ina da mata da ɗiya biyu, ina koyar da yara sittin a aji, ina zaune ina kishin ƙadangare.

Sai na yi dabara, irin dabarar malamin makaranta. Na zauna mako biyu na zana dodona. Na ba shi ƙaho shida, hannu huɗu, haƙora jere biyu, wutsiya mai ƙaya, duk abin da ke cikin littafin na ƙara masa kashi ɗaya. Na yanke takardar daidai girman shafi, na soke ta a tsakiyar littafin, wai don Baba ya ɗauka na Nasara ne ya zage shi. Na gaya wa abokaina su yi shiru.

Asabar ta zo. Baba ya lashi yatsa, ya buɗe, ya buɗe, ya zo kan nawa. Bai kai daƙiƙa uku ba.

"Madalla," ya ce. "Allah shi sa albarka." Ya juya shafi.

Malamin lissafi ya ɗaga kai yana nazarin azarar zaure. Sauran biyun suka shiga neman ƙwayar da ba ta ɓace ba. Ni na ce shayi ya huce, na ɗauki buta na shiga cikin gida, kuma na daɗe ban fito ba. Na ji kunya, na ji haushi, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne ban san ko ya gane nawa ne ba. Idan ya gane, to ni ya ƙi. Idan bai gane ba, to zanen ya ƙi tsakani da Allah. Na rasa wanne ya fi sauƙi.

Bayan kwana biyu na sa Inna ta bugi cikinsa. Ta dawo tana tankaɗe, ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Ya ce bai ga wurin kamawa ba."

"Wurin kamawa kamar ƙaƙa, Inna?"

"Ni na sani? Ya ce na Nasara ko sun yi kure, sun dibi wata dabba kahin su yi kuren. Naka littahi kad diba."

Wato ya gane nawa ne, kuma zanen ma ya ƙi. Duka biyun na samu.

Lahadin da ta biyo na hau kabu-kabu na tafi kasuwar bisashe da kaye da fensir, karo na farko tun ina ɗan shekara goma. Na ɗauka an manta da ni. Ina shiga wani tsohon dillali ya nuna ni da sanda ya ce, "Ga mai gaskiya ya dawo! Ku ɓoye shanunku masu kyau!" Ashe labarin jan san nan yana nan ana ba sababbin dillalai shi don su san abin da ba a yi. Na haɗiye, na tsuguna a bayan wata saniya na fara zana kofato. Mai ita ya tambaye ni ko ni ma'aikacin haraji ne.

Wata biyar ina zuwa. Na gano cewa abin da nake zanawa a matsayin gwiwar baya tun ina yaro ba gwiwa ba ce, dunduniya ce, gwiwar tana can sama kusa da ciki. Na gano saniya da baya take fara tashi, doki kuwa da gaba. Na je mahauta wani mahauci ya ba ni kan sa na juya shi a hannu, na sa yatsa a dasashin sama na ji wurin da babu haƙora. Na zana kaska a kunne, na zana yadda ƙuda ke taruwa a gefen ido. Dillalai suka saba da ni, suna leƙa kayena suna cewa madalla. A bakinsu ban damu ba. Baba ya san inda nake zuwa, don takalmana suna shigowa gida da shaida.

Sai dai duk wannan shanu nake zanawa, ban samu dodo ba. Dodon na same shi a ƙarshen bazara, kafin ruwa ya sauka. Wani makiyayi da muka saba a kasuwa ya ce in zo in ga shanu a bakin rijiya, can gaba da Affala, na kuwa hau babur na bi shi. Ana ta jan guga, shanu suna turereniya a kan komin shan ruwa. Can gefe ga wata saniya tsaye ita kaɗai. Ta sha ruwa amma cikinta bai tashi ba. Tozonta ya faɗi gefe kamar tsohuwar hula, haƙarƙarinta ana iya bin su da yatsa, ƙudaje sun rufe mata fuska ba ta ko kaɗa kunne. Mai ita ya ce ba za ta ga damina ba, ya faɗa a hankali kamar kada ta ji. Na tsaya ina zana ta, sai ta juyo da kai ta dube ni, ta ci gaba da dubana. Littafin Nasara gaba ɗayansa bai taɓa sa tsikar jikina ta tashi ba, amma ranar ta tashi.

Da na dawo gida na zana ta yadda take, ban ƙara mata ƙaho ba, ban ba ta haƙora ba. Na sa mata kaskarta da ƙudajenta da busasshen kashi a wutsiya, na juya ta kaɗan don a ga bayanta. Abu ɗaya kawai na taɓa. Na ɗauke idanunta daga gefe na kawo su gaba, kusa da juna, suna kallon mai kallo. A wasanmu na shirya cewa ita ce ke shiga garke a bakin rijiya, babu mai lura da ita don ramammiyar saniya ba abin kallo ba ce a bazara, kuma duk wayewar gari sai a nemi maraƙi ɗaya a rasa.

Wannan karon ban soke ta a littafi ba. Ran Asabar, kafin abokaina su iso, na shiga zaure na durƙusa gaban tabarmarsa na miƙa masa takardar da hannu biyu.

"Baba, ni naz zana."

Ya rage rediyo. Ya laluba tabarau ya sa. Ya karɓa da ɗan yatsa biyu, kamar kullum, nesa da jikinsa, na ga bakinsa ya fara haɗa murmushin nan da na sani. Na sunkuyar da kai ina jira. Na riga na shirya yadda zan ce amin in tashi.

Madallar ba ta zo ba, sai na ɗaga ido. Murmushin ya tafi. Ya ɗan ja da baya, ya ce a'uzubillahi ƙasa-ƙasa. Sannan ya jawo takardar ya ɗora a cinya, ya shafe ta da tafin hannu, ya kai babban yatsa bakin saniyar kamar zai ɓare shi. Fuskarsa ta yamutse.

"Wa yak koya maka kohwato?" ya ce. "Dibi na baya na hagu. Bisa wadda tay yi tahiyar bazara bisa dutsin Adar, kohwatonta cinyewa shikai, kai ka ba ta sabo kamar yau anka haihe ta. Tozon ga ya hwaɗi dama, ita kuma nauyinta na bisa hagu, ƙaƙa za a yi haka? Bindin ya yi sama da yawa. Saniyad da yunwa tac ci haka ba ta da ƙarhin ɗaga bindi. Kuma gashin wuyan ga, mi na na wanga sheƙi? Ka shahwa mata mai? Haƙarƙari ka lissahwa su kuwa, ko dai ka yi ta ja har hannunka yag gaji?"

Ya yi tsaki mai tsawo. Ya ce kunnen dama ya fi na hagu, kaskar ma ba a nan take zama ba, can ciki take shiga. Ya ce ƙahon na saniyar Azawak ne amma goshin na Bororo, sai in zaɓi ɗaya. Ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin dabba mai muguwar tsayuwa irin wannan ba. Idanun ne kaɗai bai ce komai a kansu ba, kuma na lura yana zagin yana kauce musu.

Ina durƙushe hawaye suna zuba mini, ina cewa, "To Baba. Haka na Baba." A bayan labulen ƙofar cikin gida na ji Inna ta daina daka.

Da ya gama na miƙa hannu in karɓa, don abokaina suna hanya kuma saniyar nan ce za ta taso musu a bakin rijiya. Baba ya janye takardar.

"Wagga ba ta kai a gwada ma mutane ba," ya ce. "Bar ta nan, kar su yi maka dariya."

Ya jawo akwatin ƙarfen da yake ajiye takardun gida da tsohuwar tasbaharsa, ya buɗe, ya shimfiɗa ta a ciki a hankali don kada ta lanƙwashe, ya rufe, ya tura akwatin bayan matashinsa. Na ce to, na miƙe zan je ɗauko shayi. Na kai bakin ƙofa ya kira ni.

"Kai kuma," ya ce, yana dubana daga sama har ƙasa ta saman tabarau, "tsayuwakka ba ta da kyau. Kana jan ƙahwar hagu, kuma kahwaɗa guda ta hi guda. Tun kana rarrahe nig gani, ban dai hwaɗa ba."

Ya ƙara muryar rediyonsa. Na ratsa tsakar gida zuwa madafa ina sauraren takuna, na ji ƙafar hagun tana ɗan shafar ƙasa kafin ta ɗaga. Shekara talatin da wani abu ina tafiya da ita, ban taɓa sani ba.